Shao Dunli da Mutumin da Ya Juya Baya

Ranar Talata, sha biyu ga watan Nuwamba na shekarar 2024, da hantsi, Shao Dunli mai zane ya rasu a ɗakinsa da ke Layin Marina, yana da shekara saba'in da ɗaya. Yayarsa Dunmei ce ta kai masa kunun shinkafa kamar yadda ta saba, ta tarar da shi kife a kan teburin aiki, tawada ba ta gama bushewa a bakin buroshi ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe masa a ka, kuma bai sha wahala ba. Ina fata gaskiya likitan ya faɗa, ba lallashi ba.

Ina shago wayar ta same ni. Matata Guifen tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare wake. Na saurari Dunmei har ta gama kukanta, na ajiye waya, na ce, "Malam Shao ne ya rasu." Sai kuma na ƙara da cewa, "Mun yi rashin abokin ciniki." Dunli, abin da bakina ya fara faɗa a kanka ke nan bayan shekara arba'in da shida. Tsoro ya riga baƙin ciki isa zuciyata, tsoron kada fuskata ta nuna wani abu.

Ni ne Lai Jintu. Sana'ata ɗora zane: mai zane ya kawo mini takardarsa mai laushi, in liƙa ta a kan alharini da kwaɓin fulawa, in sa mata sanda sama da ƙasa, ta zama abin ratayewa ko naɗewa. Duk zanen da ka yi tun kana saurayi ta hannuna ya bi. Mutanen garin nan sun san mu da haka, kuma da haka na so su san mu har abada.

Za su tuna ka da alheri, wannan ba na shakka. Babu gidan talaka a unguwannin bakin kogi da aka yi rasuwa ba ka zana musu fuskar mamacinsu ba, don su samu abin ajiyewa a teburin kakanni, kuma ko ƙwayar shinkafa ba ka karɓa. Na tuna matar wani masunci da ruwa ya ci mijinta, ba ta da hotonsa ko ɗaya. Yini uku kana zuwa gidanta da yamma, kana tambaya kana zanawa. Girarsa fa? Idan ya yi dariya wane gefe bakin ke karkata? Tana cewa a'a kana gogewa. A rana ta uku ta dubi takardar ta zube ƙasa, ta ce, "Ga shi nan, wallahi ga shi nan." Ka dawo shagona ka zauna, ba ka iya shan shayin da na zuba maka ba.

Duk sabuwar shekara kuma kai ke zana wa layin gaba ɗaya dakarun ƙofa, jaruman nan biyu da muke liƙawa dama da hagu don su tare mugun abu. Na kowa idonsu a waje yake, suna zare wa mai shigowa. Naka kuwa juna suke kallo. Wata shekara Fang mahauci ya tsaya a gaban ƙofarsa ya riƙe ƙugu, ya ce, "Malam Shao, waɗannan dakarun naka ai ɓarawo sai ya wuce ta tsakaninsu da akuya a kafaɗa ba su gan shi ba!"

Ka ce, "Haba Tsoho Fang. Shekara dubu suna tsaye a ƙofa ɗaya, ba za ka bari su gaisa ba?"

Layi ya ɗauki dariya. Ni ina gefe, gumi ya jiƙa mini riga a tsakiyar sanyi. Haka muka rayu, kai kana wasa a bakin rami, ni ina riƙe numfashi.

A shekarar 1978 na fara ganinka. Ina ɗan shekara ashirin da uku a shagon haɗin gwiwa na masu ɗora zane, kai kana fentin kwanuka a masana'antar ƙasan gari. Ka jira har maigidana ya fita cin abinci, sannan ka warware wata takarda a gabana. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Tabarma ce, da matashi biyu, da wuƙa, da yankakken hannun riga na alharini a yashe. Ba kowa ya san labarin ba a lokacin, don an daɗe da ƙone littattafan da ke ɗauke da shi, amma ni kakana ya taɓa ba ni shi yana tofar da yawu: wani sarki na dā ne, saurayin da yake ƙauna ya yi barci a kan hannun rigarsa, aka kira sarkin fada, ya gwammace ya yanke hannun rigar da ya tashe shi.

Ka ce, "Ka san labarin?"

Na ce, "Ban san komai ba."

Ka ce, "To me ya sa hannunka ke rawa?"

Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu na san abin da nake, kuma na ɗauka ni kaɗai aka yi haka a duniya, kamar ɗan maraƙi mai kai biyu. Ranar na gane akwai wani, har ma an yi wasu tun zamanin sarakuna. Na ɗora maka zanen a ɓoye, da ragowar alharini mai ruwan toka, na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Shekara biyar muka samu. Ba zan bayyana su a nan ba, namu ne. Zan dai faɗi abin da ka yi a masana'anta, don har yau wasu tsofaffin mata na wanke fuska a cikinsa. Aikinka zana agwagwin ruwa biyu a gindin daron amare, alamar miji da mata da ba sa rabuwa. Kowa ya san toron ne mai ado, macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ta da kwalliya. Kai sai ka riƙa zana toro biyu. Daro ɗari, daro dubu, aka yi ta kai su ɗakunan amare da kiɗa. Da shugaban sashenku ya yi magana ka ce masa amare ba sa son mai ruwan ƙasa, sun ce tana kashe daro. Ya yarda. Ka zo kana ba ni labari kana dariya har da hawaye. Na ce, "Dunli, za ka sa a kashe mu." Ka ce, "A kan agwagwa?"

A kakar 1983 aka fara kame. Duk wanda ya yi shekaruna ya san wannan kaka. An kama ɓarayi da masu fyaɗe, an kama masu rawa a ɗaki da labule a sauke, an kama irinmu, duk da suna ɗaya: 'yan iska. Wani da aka damƙe a lambun bakin kogi ya sha duka har ya ambaci sunanka. 'Yan sanda suka bincike ɗakinka suka samu zanen hannun riga. A cikinsu akwai wanda ya yi karatun dā, ya gane shi. Aka ɗauko darukan masana'anta aka jera a matsayin shaida.

Sai bayan shekara ashirin ka gaya mini abin da suka fi nacewa a kai, kuma sau ɗaya tak ka faɗa. Mai tambayar ya juya zanen ya dubi bayansa, ya ce wannan ɗorin ba aikin ɗan koyo ba ne, wa ya yi maka? Ka ce kai ka yi. Ya ce to faɗi yadda ake dama kwaɓin. Ka kasa. Shagunan ɗora zane uku ne kacal a garin, kuma da ka buɗe baki da kafin azahar sun iso gare ni. Kwana goma sha ɗaya suna tambaya. Suka sa hannunka na dama a bakin ƙofar ƙarfe suka rufe. Yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Ka ce kai ka yi.

Ni kuwa a waɗannan kwanaki ban ci ba, ban sha ba. Duk motar da ta tsaya a layi sai in leƙa ta taga. Na ƙone wasiƙunka, na ƙone ragowar alharinin nan mai ruwan toka, na jefa wuƙar yankan takarda da ka saya mini a kogi. Mahaifiyata ta daɗe tana yi mini maganar 'yar wani mai gyaran keke, ina zillewa. A sati na biyu na ce mata na amince. Guifen ke nan. Ba ta yi wa kowa laifi ba, tsorona ne ya je ya ɗauko ta daga gidan ubanta.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake na san ka gani. Ranar da aka zagaya da ku gari a bayan buɗaɗɗiyar mota, an aske muku kai, an rataya wa kowa allo a wuya, an rufe shaguna aka ce kowa ya fito. Ina tsaye a gindin babbar ceɗiyar kasuwa, mahaifiyata a damana, maigidana a haguna. Motarku ta zo a hankali. Yara suna bin ta suna ihu, "Zomo! Zomo!", sunan da ake zagin irinmu da shi tun kaka da kakanni. Mai lasifika ya ce a ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga suna tsinuwa. Maigidana ya waiwayo ya dube ni. Na dunƙule hannu na ɗaga, Dunli. Na buɗe baki na yi ihun tare da su. Idonka ya biyo ta kaina ya wuce kamar ba ka taɓa ganina ba, kuma na san don ka tsare ni ka yi haka.

Shekara uku ka yi kana fasa dutse a sansanin gyaran hali. Ka dawo a 1986, ƙashi da fata, an kore ka daga masana'anta, mahaifinka ya rasu bai yarda an ambaci sunanka a gabansa ba. Dunmei kaɗai ta buɗe maka ƙofa. Lokacin na buɗe shagona, Guifen tana goyon 'yarmu Peishan. Wata ranar Alhamis na ɗaga kai na gan ka tsaye da takarda a hammata. Na zaci ka zo ka tofa mini yawu, kuma da ka yi da ban goge ba.

Ka ce, "Maigida Lai, har yanzu ana ɗora zane a nan? Da hagu na yi shi, sai ka yi haƙuri da layukan."

Na warware takardar. Zomon cikin wata ne, wanda ake cewa yana can yana daka magani a turmi. Amma naka ba a wata yake ba, yana tsaye a bakin kotun lahira sanye da rigar alƙali. Ka tuna mini tatsuniyar yankinmu: wani ƙaramin ma'aikaci da ya ƙaunaci wani babban jami'i, aka gane, aka yi masa dukan da ya mutu. Da ya isa lahira alƙalan can suka duba littafinsa suka ce ƙauna ce ta kawo shi, ba mugunta ba, suka naɗa shi mai kula da sha'anin maza masu son maza, mutane suka riƙa yi masa siffar zomo. Ka ɗauki zagin da aka bi ka da shi a kasuwa ka sa masa rigar sarauta. A gaban zomon akwai mutum a durƙushe, ya juya wa mai kallo baya.

Daga ranar, kowace Alhamis da la'asar kana shagona, shekara talatin da takwas. Mu sha shayi, mu yi maganar takarda da tawada da ƙarfi don masu wucewa, mu yi tamu a hankali. Ban taɓa yarda mun jera a titi ba. Idan muka haɗu a kasuwa sai in gaishe ka kamar yadda nake gaida mai sayar da kifi. Da aka soke dokar 'yan iska a 1997 ka shigo da jarida kana kaɗa ta, ka ce, "Jintu, yau mu je mu ci taliya a bakin gada, ni da kai, a teburi ɗaya." Na ce ina da aiki. Dokar ta fita daga littafi, amma ba ta fita daga cikina ba. Ba ka yi fushi ba. Ka je ka sayo taliyar a kwano biyu ka kawo shago.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Zanenka na sayarwa, furanni da duwatsu, suna tafiya wurin masu saye. Amma akwai waɗanda ba ka sayarwa, kana barin su a ma'ajiyar da ke cikin rufin shagona bayan na ɗora su: dakarun ƙofa sun ajiye makamai suna shan giya a ƙoƙo ɗaya, dodannin ruwa biyu sun naɗe juna a ƙarƙashin gada, mai fito yana tsallakar da fasinja ɗaya a kogin taurari. A kowanne akwai mutumin nan da ya juya baya. Sai da na ɗora wajen ashirin na lura da ɗan jan tabo a ƙeyarsa, ƙasa da gashi kaɗan, mai siffar ganyen shayi. Da shi aka haife ni. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai a madubin wanzami, shi ya sa na daɗe ban gane ba.

Na ɗauko farin fenti na shafe tabon a zanen da ke gabana. Da ka zo ka gani, karo na farko da na ji ka ɗaga murya.

"Wa ya ba ka izinin taɓa mini aiki?"

"Kai wa ya ba ka izinin sa ni a ciki? Ina da mata, ina da 'ya!"

Ka ce, "Fuskarka ban zana ba. Sunanka ban faɗa ba, ko da ƙofar ƙarfe. Ɗan wannan ma ba za ka bar mini ba?"

Ka jiƙa tsumma ka goge fentin a hankali da hannunka na hagu. Ban sake taɓawa ba, amma duk lokacin da Guifen ta hau rufin ɗauko bargo sai in tsaya a gindin tsani har ta sauko.

A bara wata malamar jami'a, Farfesa Rong, ta ga ɗaya daga cikin tsofaffin darukanka a kasuwar gwanjo, ta bi sawu har ta same ka. Ka nuna mata zane bakwai. Ta karanta su kamar wasiƙa, babu abin da ya ɓuya mata. Ta ce tana so ta baje su duka a wani ƙaramin zaure a babban birni, ta kuma rubuta abin da suke nufi da sunansa, ko da za a zo a rufe zauren. Ta tambaye ka wane ne mai juya bayan. Ka ce mata, "Wani ne da ba ya son hoto." Ni kuma ka ce mini ba za ka ba ta amsa ba sai na yarda. Na ce ka ba ni lokaci. Wata goma sha huɗu kana ba ni lokaci, har naka ya ƙare.

Kwana biyu bayan an ƙone gawarka Dunmei ta zo shago. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan. Farfesar ta kira ta, ita kuma ɗanta ma'aikacin gwamnati ne, ana shirin ƙara masa girma, jikarta kuma an sa ranar aurenta. Ta ce, "Ƙanena Lai, na san kayan nan suna wurinka. Ranar bakwai za mu ƙona masa kuɗin matattu na takarda da tufafi, kamar yadda aka saba. Ka kawo su mu haɗa, su bi shi can ya ci gaba da kallon abinsa. Mun sha kunya sau ɗaya a garin nan, ba zan iya ta biyu ba."

Dunli, na ji daɗi. Wannan ita ce gaskiya. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina shi ke nan, wuta za ta cinye komai, in mutu a matsayin Tsoho Lai mai ɗora zane, kakan yara biyu. Na ce mata to.

Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka san abin da ke ci mini rai? Mutumin nan da ya rufa wa asiri. Shekara arba'in ina kallon mazan garin nan ina cewa ko wannan ne, ko wancan ne. Yana can yana cin abincinsa da yatsu goma. Ko jana'iza ban sani ba ko ya zo." Ina tsaye a gabanta da yatsuna goma, na ce, "Sai haƙuri, Yaya."

Zane sittin da ɗaya ne. Ranar bakwai da safe na ɗaure goma sha biyu a bayan keke, na ce sauran sai na yi sawu. Muka haɗu a maƙabarta, wurin tanderun ƙarfen da ake ƙone-ƙone, ni da ita kaɗai, don ta hana 'ya'yanta zuwa. Ta kunna turare, ta zuba kuɗin takarda, ta jefa rigarka ta sanyi a wutar. Sannan ta miƙo hannu. Na ba ta na farko a naɗe, ta jefa. Alharini ba ya ci da sauri, sai ya yi ta murɗewa yana wari kamar gashi. Na ba ta na biyu. Na ba ta na uku. Ni na dama kwaɓin kowannensu, na san su ta nauyi ko ban warware ba. Dodannin ruwa sun tafi. Mai fito ya tafi. Har tara.

Na goman igiyarsa ta kwance a hannuna, ya warware har ƙasa. Zomon nan ne mai rigar alƙali, na farkon da ka yi da hagu, layukansa suna karkarwa. Dunmei ta kama gefensa ta ja. Hannuna ya ƙi saki. Ba jarumta ba ce, ban yanke shawarar komai ba, yatsun ne kawai suka ƙi buɗewa.

Ta ce, "Saki mana."

Na ce, "Yaya, wannan ba naki ba ne."

"Na wa ne?"

Na juya mata baya, na sunkuyar da kai, na ja wuyan rigata ƙasa. Jan tabon ya fito fili. Da na juyo, ta dubi zanen, ta dube ni, sannan ta ɗauke ni da mari. Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, amma sai da kunnena ya yi ƙara.

Ta ce, "Kai? Kai da nake kawo wa ƙwallon dakakken kifi duk sabuwar shekara, ina cewa kai kaɗai ne ba ka guje shi ba?" Ta zauna a kan dakalin tanderun tana haki. Can ta ce, "Kwashe kayanka ka tafi. Kada ka bari in ƙara ganinsu, kada kuma ka zo mini gida." Na naɗe ukun da suka rage na ɗaure a keke. Ban iya hawa ba, tura shi na yi har gida.

Saura hamsin da biyu. Shekaranjiya na kira Farfesa Rong na ce ta zo ta ɗauka, kuma wannan takarda za ta bi su a cikin akwati. Tun da na ajiye wayar ban samu natsuwa ba. Ina tsoron ranar da Peishan za ta karanta. Ina tsoron surukina, da abin da za a faɗa wa jikokina a makaranta. Ina tsoron masu shayin gindin ceɗiya, waɗanda wasunsu suna cikin yaran da suka bi motar nan da ihu. Ina tsoron 'yan sanda su ƙwanƙwasa ƙofa, ko da yake an ce yanzu ba a yi. Sau uku na ɗaga waya in ce mata na fasa. Ban san yadda ka yi ka ɗauki wannan abu shekara da shekaru kana dariya ba.

Jiya da rana Guifen ta fito da kujera tsakar gida ta ce in zauna, gashina ya yi yawa. Ita ke yi mini aski tun da muka yi aure. Ta yafa mini tawul, ta fara. Na ce a raina yanzu zan faɗa mata, kafin ta ji a bakin wani. Na ce, "Guifen, akwai maganar da..."

Ta danna kaina ƙasa ta ce, "Tsaya cak, kada in yanke ka." Almakashi ya yi ta tafiya. Sannan ta ce, "Baban Peishan, shekara arba'in ina aske ƙeyar nan. Tun Peishan tana aji ɗaya na hau rufi neman bargo na warware guda ɗaya. Ka ɗauka makauniya ka aura?"

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa magana ba?"

"In ce me? In je ina? Na yi kukana na gama tun kana da baƙin gashi. Kada ka ce in yafe maka yau, ban shirya ba, wataƙila ba zan taɓa shiryawa ba." Ta karkaɗe tawul ɗin. "Peishan kuma ni zan gaya mata. Kai in ka fara sai ka ɓata."

Ban san wanda ke karɓar addu'ar mutum irina ba. Mahaifiyata Ubangijin Sama take kira, shi nake roƙo. Ya jiƙan ka, Dunli. Ya dubi fuskokin matattun talakawa da ka mayar wa iyalansu, ya dubi kwana goma sha ɗayan da ka yi shiru, ya sa su rinjayi duk wani kuskurenka. Ya sa inda ka je babu mai tambayarka sunan kowa. Ya mayar maka da yatsunka. Idan guda taran da muka ƙona sun iso gare ka, ka karɓe su, ka yafe wa hannun da ya miƙa su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Dunmei, wadda ta buɗe ƙofa ranar da kowa ya rufe, ta kuma ciyar da ƙanenta har safiyar ƙarshe. Marin da ta yi mini hakkinta ne. Ina yi wa 'ya'yanta da jikokinta ta'aziyya, da mutanen Layin Marina, waɗanda sabuwar shekara za ta zo musu bana babu mai zana musu ƙofa. Allah ya ba kowa haƙuri.

Da Guifen ta gama askin ta shiga ɗaki. Na zauna a kujerar ban motsa ba, gashi a warwatse a ƙafafuna. Can ta fito da kwanon taliya mai zafi ta ajiye a gabana, ta sa tsinken cin abinci a kai. Ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Sannu da rashi."

A nan ne na yi kukanka, Dunli, a tsakar gida, da rana tsaka, ƙofa a buɗe.